Ɗan Ƙasa a Filin Wasan Baƙo

 Mas'alar da na kawo muku yau ta shafi wasannin motsa jiki. Na sani cikin malamai akwai wanda zai ce lahawu bai cancanci a ɓata masa tawada ba. To, ya yi mini haƙuri kaɗan, gama a filin wasa ne jama'a kan ɗaga murya su faɗi abin da a zaure suke lulluɓewa da gaisuwa. Mas'alar kuwa ita ce: idan mai mulki ya ci ƙasa, ya kawo wasansa, ya koya wa 'ya'yan ƙasar har suka gwanance suka fi shi, shin daga ranar nan sun zama 'yan gida a wurinsa, ko kuwa aron fili kawai aka ba su?

Mu fara daga kusa. Birnin Kebbi, wadda ke nan ɗan taƙi daga Kalgo, tana cikin garuruwan farko na ƙasar nan da aka yi wasan ƙwallon bango, wanda Ingilishi ke kira Fayibs. Wurin wasan ɗaki ne mai bango uku, bayansa a buɗe. Mutum huɗu ke shiga, biyu na gāba da biyu, suna dukan ƙwallo da tafin hannu ta daki bango ta komo. A gefen hagu akwai wani gini da ya turo daga bango, a ƙasa kuma akwai matakala, don haka ƙwallon ba ta komowa inda mutum ke zato. Wannan fasali yana da asali. A makarantar Iton ta Ingila, wadda Sarki Henri na Shida ya kafa a 1440, inda manyan Ingilishi ke kai 'ya'yansu, yara kan yi wasan nan a tsakanin ginshiƙan da suka tokare bangon cocin makarantar. Da aka tashi gina ɗakunan wasa sai aka kwaikwayi wannan lungu yadda yake. Ashe kuwa kowane ɗakin Fayibs da ke ƙasar Hausa surar lungun coci ce, ko da yake masu wasa a ciki sallar la'asar kan tashe su.

Wani Baturen makaranta, Mista Hogben, wanda ya wallafa littafin tarihin masarautun Arewa a 1930, shi ya kawo wasan a shekarun 1920, ya koyar da shi a Birnin Kebbi da Katsina. Tun farko ƙasa ta sa hannunta a ciki. Ƙwallon Ingila ƙarama ce mai tauri, tana ɓantarar bangon laka, sai aka musanya ta da ƙwallon tanis, kuma a kan haka aka zauna.

Turawa ba don nishaɗi kaɗai suka sa wasa a makaranta ba. Sa'ad da Gwamna Kilifod ya buɗe Kwalejin Katsina a 1922, nufinsu su horar da 'ya'yan sarakuna da na malamai su zama malaman makaranta da ma'aikatan En'e masu ɗabi'ar da Ingilishi ke so. A ganinsu fili ne ke koya wa yaro bin shugaba, da tsare lokaci, da haɗiye zafin kāye. Gaskiya kuwa akwai abin yabo a Fayibs, domin wasa ne da ba shi da alƙali. Wanda ƙwallo ta kuɓuce masa shi da kansa zai faɗa, ko da abokin gābansa bai gani ba. Wannan amana ce, kuma da 'yan kasuwarmu za su riƙe mudu a kan wannan ƙa'ida da alƙalai sun huta. Ahmadu ɗan Ibrahim na Raba, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato kuma Firimiyan Jihar Arewa, ya yi karatu a Katsina daga 1926 zuwa 1931, ya shugabanci 'yan Fayibs na makarantar, bai kuwa bar wasan ba har ya girma. Ya je Iton kanta ya buga a ɗakinsu. Aka kuma sa kofi da sunansa, wanda garuruwan Arewa suka daɗe suna takara a kansa.

To, amma a lura da abin da ke bayan bangon. Yaron da ya yi gumi tare da Baturen makaranta da la'asar, in magariba ta yi kowa hanyarsa daban. Dokar garuruwa ta zamanin Gwamna Lugga, ta 1917, ta raba mazaunin Turawa da na baƙar fata, aka kuma bar fili na yadi 440 a tsakani wanda ba a gini a cikinsa. Hujjar da aka bayar ita ce sauro da zazzaɓi. Sai dai kuku da boyi da mai kiwon doki suna kwana a bayan gidan Bature, kamar sauro ya yi alkawarin ba ya cizonsu. Kulob ɗin Turawa kuwa, inda ake zama bayan wasa a sha abin sha a yanke shawarar wanda za a ƙara wa girma, ɗan ƙasa ba ya shiga sai da tire a hannu. Abin bai fara sassauci ba sai a 1947, bayan da otal ɗin Biristol na Ikko ya hana Ivor Cummings ɗaki saboda launinsa, alhali kuwa shi babban ma'aikaci ne da Ofishin Mulkin Mallaka na Landan ya aiko. Jaridun Ikko suka yi ca, sa'an nan Gwamna Richards ya hana wariyar launi a otal-otal da asibitocin Gwamnati.

Labarin ƙwallon dawaki, watau folo, ya ɗan bambanta, kuma a bambancin nan fa'idar take. Malamai sun san wasan nan a littattafan Larabci da sunan saulajan, domin sarakunan Farisa da na Musulmi sun yi shi tun Ingilishi ba su san shi ba. Sarkin Dilli Kutubuddin Aibak ma a filin wasan nan doki ya kā da shi ya rasu a Lahor a 1210. A Indiya hafsoshin Ingila suka koye shi, suka sa masa dokoki, suka yawata da shi kamar gādonsu, har suka kafa kulob a Ikko a 1904. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya bi ta Ingila a tafiyarsa ta aikin hajji a 1921. Da ya komo bai tsaya roƙon Turawa su ba 'ya'yansa gurbi a ƙungiyarsu ba. Dawaki nasa ne, ƙasa tasa ce, mahaya kuwa tun suna yara suke kan sirdi. Sai ya sa aka share fili a Katsina, ya haɗa 'ya'yansa da barorinsa, suka koyi sandar. Ba a daɗe ba suka riƙa kā da hafsoshin soja a Kaduna, suka yi ta ɗaukar Kofin Jojiyan, wanda aka fara takara a kansa tun 1919. Ɗansa Usman Nagogo, Sarkin Katsina daga 1944 zuwa 1981, ya kai lamba 7 a ma'aunin gwaninta da ke tsayawa a 10. Bature in yana son ya buga da gwanaye, dole ya zo Katsina, ya sauka a matsayin baƙo, ya gai da mai gari.

Yanzu mu ƙetare teku, mu duba mutanen da aka koya wa wasa bayan an raba su da fili da gida duka. A arewacin ƙasar Amurka akwai wata ƙasa mai faɗi, Kanada, inda sanyin hunturu kan daskarar da tafki har jaki da kaya ya bi ta kansa. Babban wasansu shi ne ƙwallon gora na kan ƙanƙara. Mutum shida ke fita daga kowane gefe, suna sanye da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa kamar wuƙa, suna sulɓi da gudun da ya fi na keke, suna korar wani ɗan faifan roba mai tauri, faɗinsa inci 3, kaurinsa inci 1, da sanda mai lanƙwasa. Mutanen ƙasar sun ɗauki wasan nan tamkar tutarsu. Wanda ya iya shi, a wurinsu, ya cika ɗan Kanada.

Amma kafin Faransawa da Ingilishi su sauka, ƙasar tana da masu ita: Kiri, da Ojibwe, da Mikmak, da Inuwit na can ƙuryar ƙanƙara, da wasu al'ummu masu yawa, kowace da harshenta. A ƙidayar 2021 sun kai mutum miliyan 1 da dubu 800, watau kashi 5 cikin 100 na jama'ar ƙasar kakanninsu. Hannunsu na cikin wasan tun farkonsa, gama masassaƙan Mikmak ne suka shahara da sassaƙa sandunan, har wani kamfani ya riƙa sayar da sanda da sunan ƙabilar. Duk da haka Gwamnati da coci-coci suka haɗu suka kafa makarantun kwana don a raba yaran da harshensu da al'adarsu. Aka kwashi yara wajen 150,000, da yawa da ƙarfin doka, iyaye na kuka. A can a aske musu kai, a ba su lamba, a doke su in sun yi magana da harshen uwa. Hukumar bincike da ta ba da rahoto a 2015 ta lissafa fiye da yara 3,000 da suka mutu a makarantun. Ba a rufe ta ƙarshe da ke hannun Gwamnatin Tarayya ba sai 1996, Firayim Minista kuma bai nemi gafara ba sai 2008.

A waɗannan makarantu ne aka sa ƙwallon gora, da irin nufin da aka sa Fayibs a Katsina, watau a sāke yaro. Ga labarin ɗaya daga cikinsu, Fred Sasakamoose, mutumin Kiri na lardin Saskacewan, wanda aka haifa a 1933. Kakansa ne ya fara ɗora shi a kan ƙanƙara, ya sassaƙa masa sanda da reshen itace, ƙwallonsu kuwa kashin saniya ne da ya daskare. Duk wanda ya ga yaranmu na korar ƙodago da kara a bayan gari ya san irin wannan. Yana ɗan shekara shida ko bakwai aka ɗauke shi da ɗan'uwansa a mota aka kai su makarantar kwana ta Duck Lake. Ya sha wuya a can, ya kuma bayyana ta da bakinsa gaban hukumar bincike bayan ya tsufa. Filin ƙanƙara ne kaɗai wurin da yake samun sararin numfashi, ya kuwa gwanance ƙwarai, har a kakar wasa ta 1953 zuwa 1954 ƙungiyar Shikago ta ɗauke shi cikin babbar gasar NHL, wadda ba ta da ta biyu a duniya. Wasa 11 ya yi. Daga nan aka mai da shi ƙananan ƙungiyoyi, kewar gida ta dame shi, a ƙarshe ya tattara ya koma wurin mutanensa. Ya yi musu shugabanci, ya koya wa yara wasa, ya kafa gasa ta 'yan ƙasa zalla, ya rasu a watan Nuwamba na 2020 da cutar korona.

Akwai waɗanda suka daɗe suka yi suna. George Armstrong ya shugabanci ƙungiyar Toronto ta ci Kofin Stanley sau huɗu tsakanin 1962 da 1967. Reggie Leach ya jefa ƙwallo 19 a zagayen neman kofi na 1976, adadin da aka daɗe ana ambato. Amma ga wani abu da ya kamata mai hankali ya tsaya a kansa. Armstrong da wasu da yawa da suka biyo bayansa, laƙabi ɗaya 'yan wasa da 'yan jarida suka ba su, watau Cif, sarki ke nan. A kunne kamar girmamawa. Sai dai in aka kira mutum goma da suna ɗaya, ba don sarauta ba sai don jininsu, to an shafe sunan da uban kowannensu ya raɗa masa. Fatake da suka zauna a Kurmi sun san wannan, inda malami da mai shanu da mai gadi duk sunansu Aboki.

Muddin ɗan ƙasa na jefa ƙwallo, nasu ne. Ran da ya yi kuskure ko ya zo da ƙungiyar hamayya, sai a tuna asalinsa. Ted Nolan, Ba'ojibwe, an zaɓe shi gwarzon mai horarwa na NHL a 1997, sa'an nan ya shekara tara bai horar da wata ƙungiyar gasar ba. A Disamba ta 2005 ya kai ƙungiyar samari wasa garin Shikutimi na lardin Kebek, 'yan kallo suka yi ta yi masa kururuwar yaƙi irin ta majigi, suna sara a iska kamar masu gatari. Sai kuma Ethan Bear, shi ma mutumin Kiri. A Yuli ta 2020 ya fito a ƙungiyar Edmanton da sunansa a bayan riga cikin baƙaƙen rubutun Kiri, aka yi ta yabo. Masu karatun ajami ba sa bukatar a fassara musu daɗin wannan, mu da muka ga an cire rubutunmu daga ƙananan takardun naira a 2007, aka kuma cire shi daga naira 100 a 2014. Ba a cika shekara ba, a Mayu ta 2021, aka fitar da ƙungiyarsa daga gasa, sai zagi ya yi ta zuwa masa ta intanet. Abin da aka zaga kuwa ƙabilarsa ce, alhali ba ita ta ɓarar da ƙwallon ba.

Maganin da mutanen suka samo shi ne irin na Sarki Dikko, ko da yake ba su da dawakinsa. A 1971 waɗansu dattawa a tsibirin Manitulin, da suka gaji da yadda ake yi wa 'ya'yansu, suka kafa wa yara gasa tasu da ƙungiyoyi 17. Ta yi ta girma har ta wuce ƙungiya 200. A can yaro na jin ana kiran sunansa daidai, kakarsa na cikin 'yan kallo, in ya faɗi kuwa faɗuwar tasa ce shi kaɗai, ba a ɗora wa dangi.

Me ya sa Fayibs da folo suka zama namu, har jikokin masu wasan ba su tuna baƙi ne suka kawo su ba, amma ƙwallon gora ya zama wa mutanen Kanada rabi mafaka rabi kurkuku? A ganina dalili bai wuce gida ba. Ba na wanke Turawan da suka ci Sakkwato a Maris ta 1903, kuma dattawa sun ba da labarin yadda dogarai ke kama yara a kai su makarantar boko, har wasu masu sarauta kan ɓoye nasu su tura 'ya'yan barori. Amma Turawa ba su zo da matansu da garmunansu su zauna a gonakinmu ba. Makarantun allo, waɗanda Turawan da kansu suka ƙidaya fiye da 20,000 a farkon mulkinsu, ba a rufe su ba. Ɗan Kwalejin Katsina in hutu ya zo yakan koma ya tarar da harshensa da allonsa da tuwon uwarsa. Wasan Bature riga ce da yake sawa ya tuɓe. Yaron Duck Lake kuwa an tuɓe masa tasa tukuna, aka ce ga wannan, babu wata.

Saura mu juyo kanmu, gama ba daidai ba ne mu ƙirga laifin mutanen ƙetare mu tsallake na ƙofar gida. Muna da wasan da ba wanda ya kawo mana, shi ne dambe. Asalinsa na mahauta ne, waɗanda a nan ƙasar Sakkwato da Gwandu muke kira Rundawa. Da kaka, in an kai amfanin gona gida, sukan bi garuruwa da makaɗansu, a naɗe hannu ɗaya da zare, a yi kāra a fili. Yau wasan ya zama na kuɗi, akwai ɓangaren Arewa da Kudu da Guramada da Jamus, ana sa mota da babur, ana kallonsa a waya har ƙasashen Turai. Sunan Shago da Ɗandunawa ya kai inda sunan hakimai da yawa bai kai ba, albarkacin waƙoƙin Ɗan Anace da rediyo ya yaɗa daga Sakkwato har Maraɗi.

Ba hukuncin dambe nake magana a kai ba, malamai sun yi bayani a kan dukan fuska da ɗaure-ɗauren layu, kuma ina tare da su. Maganata a kan mutumin ce. Attajiri kan zauna a sahun gaba, ya tashi ya liƙa wa ɗan dambe kuɗi a goshi, ya ce yaronmu ne, ya fid da garinmu kunya. In yaron nan ya tuba da dambe, ya kama sana'ar ubansa ta halal, ya yi karatu gwargwado, sa'an nan ya aiko neman 'yar attajirin, sai a ji an ce a bincika asali. Binciken kuwa ba na sallarsa ko amanarsa ba ne, an riga an san su. Kalma ɗaya ake nema, in an same ta sai a ce yarinya an yi mata miji. Haka ake yi wa ɗan makaɗi da ya kaɗa masa, haka ake yi wa yaron barga a filin folo, wanda ya horar da dokin, ya san halinsa fiye da mai shi, amma in an zo hoto da kofi sai a miƙa masa linzami ya ja gefe.

Malamai sun fi ni sanin cewa a mazhabarmu ta Imamu Malik, abin da ake dubawa a kufu'in aure shi ne addinin mutum da kuɓutarsa daga aibobin da ke ba mace zaɓi, ba a sa nasaba ko sana'a cikin sharaɗi yadda waɗansu mazhabobi suka sa. Babin yana nan cikin Muhtasar na Shaihu Halil. Ana biya shi da hantsi a zaurukan Gwandu da Kalgo, da la'asar kuma a jiyo kalangu daga bayan kasuwa, almajirai da 'ya'yan malam su sulale su tafi kallo.